Ɗan Farin Yunusa a Kan Ƙanƙara

Shekara bakwai ke nan, a cikin wannan watan, da muka kai Yunusa maƙabartar Baƙi'a muka dawo ba shi. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, duk shekara kuma sai in fasa, don ban san ta inda ake fara bayanin mutumin da kuka taso kuna zolayar juna tun kuna samari ba. Bana dai dole ta sa. Ɗansa na fari, Abba, ya kusa jefar da wasan da ya ba ƙuruciyarsa gaba ɗaya, kuma dalilin da ya bayar ya koma kan mahaifinsa, wanda ba shi da bakin kare kansa yanzu.

Yunusa Bazazzagi ne, ni Bakano, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Injiniyan na'urorin sanyaya gine-gine ne. A Kanada ya ƙarasa karatunsa, a can aka haifi Abba, kuma yaron ya koyi tsayuwa a kan ƙanƙara kusan tare da koyon tafiya. Lokacin da aikin koyarwa ya kawo su Madina, Abba yana ɗan shekara goma, ni kuma na riga na daɗe a wani kantin magani a unguwar Khalidiyya. Ranar da na fara shiga gidansu na ga sanda mai lanƙwasa a jingine a bango, na tambaya ko ta kashe maciji ce. A nan na fara jin labarin hokin ƙanƙara: mutum shida-shida a kan daskararren fili, kowa da takalmi mai kaifi a ƙasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba zuwa raga, suna bangazar juna kamar masu rigimar gado.

To ina ƙanƙara a Madina? Gidansu a Harra ta Yamma yake, inda baƙaƙen duwatsu ke riƙe zafin rana har bayan magariba. Yunusa bai ga wannan a matsayin uzuri ba. Ya shimfiɗa alluna masu santsi a saman bene, ya sayo wa yaron takalman taya, ya jingina ƙofar wani tsohon firji a bango ta zama raga. Da rana ta yi sanyi sai su hau. Ni ina zaune a gefe da shayi ina ce masa, kana sanyaya manyan gine-gine amma ka kasa yi wa ɗanka ƙanƙara ko da faɗin tabarma. Shi kuma ya ce Bakano bai san komai ba sai abin da za a sayar. Wasu ranakun hutu yakan ɗauki yaron su yi doguwar tafiyar nan zuwa Jidda, don kawai ƙafarsa ta taɓa ƙanƙara ta gaske.

A saman benen nan na ga abin da ya kawo wannan rubutu. Abba zai buga faifan ya faɗa daidai inda aka nuna masa, ya sake, ya sake, har ƙofar firjin ta lotsa. Sai ya waiwayo yana haki yana kallon uban. Yunusa zai kau da kai ya ce, “Da saura.” Iyakarta ke nan. Ban taɓa jin ya ce madalla ba. Ban ma taɓa jin ya kira sunan yaron ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifin Yunusa, Malam Ɗalhatu, aka sa masa, kunya ta zama biyu. Ko Abban da kowa ke faɗa bai iya faɗa ba. Sai dai “kai”, ko “yaron nan”, ko ya yi gyaran murya yaron ya gane da shi ake. Mahaifiyarsa Bilkisu, likita ce a nan, ita ma ba ta fi shi sakin baki ba.

Da Abba ya kai sha biyu, Yunusa ya yarda cewa saman bene ya gama abin da zai iya, ya mayar da shi wurin kawunsa a yammacin Kanada. Daga nan magana ta koma waya. Nakan ji su: ya tambayi salla, ya tambayi karatu, yaron ya ba shi labarin wasa da Hausar da ta cakuɗe da Larabcin Madina da Turanci, a ƙarshe uban ya ce da saura, a gai da kawu.

Amma ni da na san shi ta baya, kunnena ya sha. Duk lokacin dabino mukan tafi Khaibar, shi yana tuƙi, kuma daga fitarmu gari har mu isa ba shi da zance sai na yaron nan. Yadda yake gudu da baya kamar yana da ido a ƙeya. Yadda yake gane inda faifan zai je kafin mai shi ya buga. Shi ya koya mini cewa Abba mai tsaron baya ne, kuma masu tsaron baya ba sa nuna da wuri, don aikinsu na kai ne kafin ya zama na ƙafa. Na sha ce masa ya yi mini shiru in yi barci. A gonar dabinon da muke zuwa ma halinsa ɗaya ne. Ni ina son dabino tun yana rawaya yana ƙaras-ƙaras, shi kuwa sai ya sa mai gona ya bar masa nasa a kan bishiya, ya gwammace ya sake dawowa idan ya yi laushi.

A tafiyarmu ta ƙarshe, muna dawowa, ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, “Bakano, yaron nan ya fi ni komai. Wallahi in na ga yana wasa sai in ji ƙirjina ya yi mini kaɗan. Tsorona ɗaya, kada a yi masa gaggawa a tsinke shi ɗanye. Zai kai, amma a hankali zai kai.”

Bai ga wani lokacin dabino ba. Zuciyarsa ta tsaya wata rana bayan la'asar, aka sallace shi a Harami, aka rufe shi kafin yaron ya ma sami jirgi. Abba yana ɗan sha huɗu, ana tsakiyar kakar wasa. Ya iso ya tarar da ƙasa a shafe.

Abin da ya biyo baya zai sa Yunusa alfahari, ko da zai ɓoye. Yana sha takwas wata babbar ƙungiya ta zaɓe shi a cikin matasan da take sa ran za su zama nata. Sai dai zaɓe ba shiga ba ne. Tsarinsu shi ne duk farkon kaka a tara matasa da manya a sansanin gwaji, a duba kowa, wanda aka ga ya isa a riƙe shi, wanda bai isa ba a tura shi ƙasa ya ci gaba da koyo, yana yawo a bas daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan. Sau uku Abba yana zuwa sansanin, sau uku ana kiransa ofis a ce ya yi ƙoƙari amma bai gama shiryawa ba.

Nakan tambayi kaina me Yunusa zai ce da zamanin nan. Yanzu yaro yana sha bakwai an riga an auna shi, an jera shi, mutanen da ba su taɓa taka ƙanƙara ba suna yanke masa hukunci a waya. In an ɗauke shi da wuri a ce tauraro ne, in ya yi shekara biyu a ƙasa a ce ya ƙare. Na ga abin da suke rubutawa a kan Abba, na daina karantawa saboda hawan jinina. Na san Yunusa zai yi tsaki ya ce masu horarwar sun fi su gaskiya. Cikin sa'o'in Abba akwai waɗanda aka hau da su sama da wuri, aka jefa su gaban ƙarti, suka rikice, yau ba a jin ɗuriyarsu. A kan wannan, Yunusa zai ce ai ya faɗa. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce in ya ga inda kalmarsa ta je ta zauna a zuciyar ɗansa.

Bayan sansanin bana, Abba ya nemi hutun 'yan kwanaki ya zo Madina. Ya shigo kantina, ƙato, sai da ya sunkuya a ƙofa, ya ce in raka shi Baƙi'a. Muka je bayan la'asar. Kaburburan can ba suna ba alama, sashen kawai na sani, na nuna masa da hannu. Muka yi addu'a. Muna tsaye ya ce mini ba zai koma ba.

“Halas, ya Ammi, na gaji,” in ji shi da Larabcin Madina, wato shi ke nan, baffa. “Abin da suke faɗa mini, Baba ya riga su faɗa. Shi da ya fi kowa sanina bai taɓa ganin na iya ba. Ko sunana bai taɓa kira ba.”

Shekara bakwai yaron nan yana ɗauke da wannan, yana tsammani uban bai gamsu da shi ba, ya mutu a haka. Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba. Sannan na zaunar da shi a inuwa a waje, na kwashe hanyar Khaibar gaba ɗaya na zuba masa: ido a ƙeya, barcin da aka hana ni, dabinon da ake bari a bishiya, da maganar ƙarshe kalma da kalma. Na ce masa uban da bai damu da ɗa ba ba ya hawa bene da alluna a zafin Madina. Na ce masa sunan nan nauyi ya yi masa a baki, ba ƙi ba. Sai da aka kira magariba ya tambaye ni, da gaske ya ce zan kai? Na ce da gaske, kuma ya ce a hankali.

Ba na zagin kunyarmu, da ita aka rene mu. Amma a Zariya, in uba ya kau da kai, akwai kaka da za ta ja yaro ɗaki ta ce ubanka jiya bai yi barci ba don murna, akwai gwaggo da baffa da za su yi yabon da uba ya haɗiye. Mu da muka fito muka zo da kunyar a jaka, muka baro masu fassara ta a gida. Yunusa ya yi abin da ubansa ya yi masa, daidai, ba ƙari ba ragi, sai dai yaronsa ya taso ne a inda uba ke tsayawa a bakin fili yana ƙwala kiran sunan ɗansa. Ina jin da ya san haka da ya daure ya faɗa ko sau ɗaya. Ina jin haka ne kawai, don Bazazzagin nan taurin kai gare shi.

Abba ya koma. Har yau yana ƙaramar ƙungiyar, ba a kira shi sama ba, kuma ba wanda ya yi masa alkawarin za a kira shi. Me ya rage na Yunusa? Ƙofar firji da ta lotsa, wadda Bilkisu ta hana a zubar. Haƙurin da ya dasa a yaron ba tare da ya gaya masa sunan abin ba. Da kuma abu ɗaya da ban lura da shi ba sai makon jiya.

Wasanninsu na yamma a can, nan safiya suke faɗowa. Na dawo daga sallar asuba na kunna waya, ga Abba yana gudu da baya, ya tare wani ƙato ya ƙwace faifan ya miƙa gaba. A bayan rigar kowane ɗan wasa ana rubuta sunan gidansu, Abba kuwa sunan ubansa yake amfani da shi, kamar kowane ɗan Bahaushe. Sai na ji mai sharhi, wani Bature da bai san Zariya ba bai san Baƙi'a ba, yana ɗaga murya yana cewa Yunusa, Yunusa. Mutumin da ya mutu bai kira sunan ɗansa ba, ga ɗan ya sa ana kiran nasa a wata ƙasa mai nisa. Na ajiye wayar a kan darduma, na ce Allah ya jiƙanka Bazazzagi, da saura, amma yana nan yana tafiya.