Itacen da Kaka Ta Hana a Ƙona

A ƙauyenmu da ke gefen Mawashi, gidanmu ne gidan itace. Muna da ɗan kurmi a bayan gari, marke da kirya da kalgo. Baba ne mai gatari, amma mahaifiyarsa, Kaka Dudu, ita ce mai doka, kuma dokarta guda ce: a sari reshe, a bar uwa. A filin ƙofar gida ake faskare, a shanya, a ɗaure dami-dami. Can kusurwa kuwa, ƙarƙashin rumfar kara, akwai wani tari na miƙaƙƙun itatuwa masu kaurin damtse. Wannan ba a sayarwa, ba a ƙonawa. Shi ake jerawa a bakin ramin cikin kabari kafin a tura ƙasa, don kada ta sauka a kan mamaci. Duk wanda aka yi wa rasuwa a garin zuwa yake ya ɗiba, ba mai tambayarsa komai.

Lokacin sanyi, bayan isha'i, ɗakin Kaka muke cika. Wutarta ta ɓawo ce da kirare, don ita a ganinta ƙona itace mai kyau a gidan mai itace almubazzaranci ne. Ni take sa wa ido da tsokana. "Maigidana rago," in ji ta, "ko tsinke bai kawo mani ba, ga shi ya hi kowa matsowa."

Shekarar da manyan motoci suka fara shigowa daga Kano neman itacen gidajen burodi, Baba ya daina saran reshe, ya koma kayar da bishiya daga tushe. Ranar da mota ta farko ta tashi da lodi, Kaka ba ta ce masa uffan ba. Da dare ne ta dube mu ba fara'a, ta ce, "Ga wata nan, amma ba ta dariya ba ce." Muka ce ta zo, muryoyinmu ƙasa-ƙasa.

Wai an yi wani mai itace da bai san a bar uwa ba. Ya cinye dajin garinsu kaf, har da na rufe matattu ya ɗaure ya kai kasuwa. Da nasa ajalin ya zo, aka bi gari gida-gida ba a sami ko sanda ba, sai aka jera masa karan dawa. Ana tura ƙasa karan ya karye, masu binnewa suna jin ƙarar, ƙas, ƙas, ƙasa ta rufta masa a fuska. Tun daga ranar, duk gidan da aka hura wuta sai ya zo ya tsaya bayan danga.

A nan Kaka ta shaƙe murya. "Ku ba ni icce, ƙasa ta yi mani nauyi." Sai ta koma muryarta. "In ba a ba shi ba, sai shi miƙo hannu ta ƙarƙashin asabari, shi zare ɗaya daga cikin wuta."

Wallahi a daidai lokacin wani guntu ya zame daga murhu. Ƙanwata Hanne ta ƙwalla ƙara ta faɗa cinyar Kaka. Ni kuwa, maigida guda, fitsari ya matse ni amma na gwammace in kwana da shi. Na tambaye ta ko mutumin yana nan har yanzu.

"Yana nan, tun da ba a sake samun icce garin ba," ta ce. "Ku tashi, ta ƙare. Allah shi sa mu samu abin ruhuwa."

Bayan haka fari ya zo, ƙyanda ta biyo baya. Mutane suka riƙa sallama a ƙofar gidanmu, tarin ƙarƙashin rumfa yana raguwa, kurmin da za a cike gurbi kuwa ya zama kututture zalla. Kullum da safe Kaka takan dogara sanda ta je ta tsaya a kansa. Ranar da ya rage na mutum ɗaya, wani maƙwabcinmu ya zo, matarsa ta rasu wajen haihuwa. Baba ya rage murya ya ce, "Inna, wanga ki bar shi. Ba ki da lahiya."

"Ita ɗiyar mutane da mi za a ruhe ta?" in ji Kaka. "Ba shi."

Kaka ba ta kai damina ba. Da asuba ta cika, aka aika samari har wajen garin Boko neman itace mai kauri, suka dawo da sabara da geza, waɗanda ko akuya ba za su ɗauka ba. Rana tana ɗagawa, gawa tana jira. Wani dattijo ya ce ko a haɗa da kara. Ina tsaye na ga fuskar Baba ta canza, ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba. Ya ɗauki gatari ya hau kan zaurenmu, ya fasa rufin, ya riƙa zaro azara yana jefowa ƙasa yana kuka. Da su aka rufe ta.

Na daɗe ina zaton don ta tsorata yara ta yi mana tatsuniyar nan. Sai da na manyanta, na fara raka tsarana makabarta, na gane nata tsoron ne take gaya mana, tun da kunya ba za ta bar ta ta gaya wa ɗanta ba. Da wannan tsoron a cikinta ta ce a ba maƙwabci. Baba bai sake rufe zauren ba har ya bar duniya. Dangi sun yi magana sun gaji. A nan yake zama, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, in an ce ya shiga ciki sai ya ce a bar shi, shi ai sama ce a kansa, ba ƙasa ba.