Ƙanƙarar da Dadda Bihi Ya Ɗebo

Duk wanda ya taɓa hawowa dutsen Ukaimedan wasan sulu a kan dusar ƙanƙara ya san Dadda Bihi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai jar hular ulu da ke tsayawa a gindin gangara, katakan sulu jingine a bayansa, yana ba da haya, yana koya wa mutanen birni yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Teburin shayina yana dab da shi, shekara da shekaru muna shaƙar hayaƙin gawayi ɗaya.

Bai iya noma ba, ko akuya aka ba shi kiwo sai ta ɓata. Amma ɗaura masa katako a ƙafa ka sha kallo. Yana yaro ya tsinci wani karyayye da baƙi suka yar, ya ɗaure shi da waya, shi ke nan dutse ya tafi da shi. A wancan zamanin ƙanƙara takan toshe mana ƙofar gida sai mun haƙa, kuma takan kai Afrilu ana wasa.

Yanzu kuwa sai ta ga dama. Ɗansa Yidir, direba a Marrakesh, ya daɗe yana matsa masa ya sauko birni ya huta. Dadda Bihi ya ce ranar da dutse ya kasa ciyar da shi zai sauko, kafin nan a ƙyale shi. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar wannan rana.

Shekarar da nake ba da labari, sau ɗaya ƙanƙara ta zuba ta kirki. Kafin Maris gangarar ta yi dabbare-dabbare kamar bargon da asu ya ci. Da safe ta daskare kamar kwalba, da azahar ta koma kunu. Aka tsayar da kujerun wayar da ke hawa da mutane. Samarin nan masu sulu a kan faffaɗan allo guda suka zo, duwatsu suka kankare musu allunan, suka yi tsaki suka tafi. Sauran baƙi sai su ɗauki hoto, su ci tajin, dafa-dukanmu na nama da kayan lambu, su juya.

Ana haka wani malami ya aiko cewa zai kawo ɗalibai ranar Lahadi a koya musu sulu. Dadda Bihi ya ari alfadari da kwanduna, ya nufi Ifri.

Ifri kwazazzabo ne a saman ƙauyenmu da rana ba ta leƙa shi. Ƙanƙarar cikinsa ce ke narkewa a hankali tana ciyar da idon ruwanmu da rani. Tun kakanni ba a taɓa ta. Wanda ya ɗiba zai yanka wa dattawa akuya, a kuma hana shi layinsa na ban-ruwa.

Na tare shi a hanya, raina a ɓace.

"Dadda, ka haukace ne? Ruwan da za mu sha kake ɗorawa a kan alfadari?"

"Assu, koma ka dafa shayinka," in ji shi. "Aro na yi. In ta narke ai ƙasa za ta gangaro, ba sama za ta hau ba."

Ya yi ta jigila tun daga asuba, yana zubawa a gangarar, yana dannewa da ƙafa, yana lulluɓewa da tattaka da buhuna. Tsoho ne, hannuwansa duk suka tsage. Da ya yaye buhunan ranar Asabar, wallahi abin ya yi kyau: farar hanya siririya a tsakiyar jar ƙasa. Har waƙa na ji yana yi.

Da yamma iskar nan mai ɗumi ta taso daga gabas. Duk wanda aka haifa a dutsen nan ya san aikinta.

Da motar ɗalibai ta iso, farar hanyar nan ta zama taɓo. Ruwan Ifri yana gangarawa ta wurin ajiye motoci, yana bin tayoyi, yana faɗawa kwata ta ɓangaren da ba namu ba. Malamin ya ba da haƙuri. Dadda Bihi ya saɓi katakansa ya hau gangarar, ya ɗaura, ya sako. Muna jin ƙarar duwatsu a ƙarƙashinsa. A tsakiyar gangara taɓo ya riƙe shi cak. Ya daɗe a tsaye kafin ya sunkuya ya kwance, ya ƙarasa da ƙafa.

Ya yanka akuyar, dattawa suka ci naman, kansu a sunkuye. Da rani idon ruwa ya ƙafe tun tuffa ba ta nuna ba. Ni dai na san ko bai ɗiba ba zai ƙafe, don abin da ya kwaso bai taka kara ya karya ba. Amma mutum ba ya iya riƙe sararin sama a zuci, sai aka riƙe Dadda Bihi. Mata masu dawowa da jarka wayam suka daina gaishe shi. Wannan ya fi ci mini rai, har yau ban huce ba.

Da kaka Yidir ya zo da mota ya tafi da shi. Katakan kuwa maƙwabci ya yi shingen kaji da su.

Bara na sauka Marrakesh sayen ganyen shayi, na gan shi a kasuwa. Ashe hutun bai zaunu ba. Kura yake turawa, yana kai wa masu kifi ƙanƙarar inji, jar hular tana kansa cikin zafin nan. Ya rame. Muka gaisa, bai tambayi kowa ba.

"Assu, akwai saura a Ifri?"

Na ce masa bana ko zuba ba ta yi ba.

Ya dubi ƙanƙarar da ke ɗiga ta ƙasan kurarsa. Ya ce bari ya hanzarta kada ta narke, ya tura ya tafi.