Cikin Ƙaryar da Na Ɗora wa Saniyar Mama Rifkatu

Ƙannena matasa, ba zan faɗa muku sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da na jawo mata ta isa haka. A Kagarawal aka haife ni, babanmu manomi ne mai tsoron Allah. Da na gama sakandare na samu babur, na shiga aikin tattara madara. Da sassafe nake bin rugagen bayan gari, matan Fulani su juye mini a jarka, in kai wa masu yin yogot a cikin Gombe. Sana'a ce mai rufin asiri, har atamfa nake saya wa mahaifiyata da sallah.

Kofi ɗaya na ruwa ne ya fara lalata ni. Wata rana jarkata ba ta cika ba, sai na cike ta a famfo, ba wanda ya gane. Kofi ya zama kwano. Mai yogot ya sayo wani ɗan gilashi da ake jefawa cikin madara, in an yi mata algus sai ya nutse, ni kuwa na koma dama sitaci don ta yi kauri. Da ya gano, bai kai ni ƙara ba. Cewa kawai ya yi, "Kada in sake ganin ƙafarka a nan." Maimakon in ji kunya, haushi na ji.

A yawon rugage na taɓa ganin likitan dabbobi yana yi wa shanu barbarar allura. Irin bijimin Turai ne ake adanawa cikin siraran tsinkayen roba, a tsoma su cikin tukunyar ƙarfe mai wani ruwa da ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba. In tsinke ya rabu da wannan sanyin ya jima, irin ya mutu. Na san haka sarai. Duk da haka na ɗinka farar riga, na sayi doguwar safar hannu, na samo tsinkayen da suka lalace a wajen wani mara imani irina, na zuba su a filas ɗin shayi da ƙanƙara. Cikin mako biyu na zama "Dakta". Wallahi har ni kaina na fara yarda.

A haka na haɗu da Mama Rifkatu a Hammadu Kafi. Tsohuwar malamar firamare ce, mutuniyar kudancin Gombe, mijinta ya rasu. Da ta yi ritaya ta sayi saniya ɗaya tilo, baƙa da fari, mai jinin shanun Turai. Da madararta take riƙe jikokinta mata uku marayu, su sha, ta sayar wa maƙwabta ragowar. Saniya kuwa ba ta ci gaba da ba da madara sai tana haihuwa, saboda haka Mama take neman wanda zai yi mata barbara. Na yi abin da na yi da mataccen iri, na wanke hannu ina taƙama.

Bayan mako uku ta kira ni. "Dakta, yarinyar nan tana ta kuka, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ba sake neman namiji take yi ba kuwa?"

Shi ɗin ne fa. Saniyar da ba ta ɗauka ba, duk mako uku take dawowa nema. Amma na ce, "Haba Mama, ai haka shanun Turai suke da ƙaramin ciki. Ki ƙara mata dusa da gurya." Ta ƙara, saniya ta yi ƙiba, tumbi ya fito, kowa ya gani sai ya ce sai haihuwa.

A wata na bakwai na yi mata ɓarnar da har yau take hana ni sukuni. Ƙa'ida ce a daina tatsar saniya wata biyu kafin ta haihu, don hantsarta ta huta. Mama malama ce, ta karanta haka a takarda, ta tambaye ni ko lokaci ya yi. Da na ce a'a, da ta yi zargi. Sai na ce, "Ya yi, Mama." Da hannunta ta ƙafar da saniyar da ke ciyar da gidanta, tana murna. Wata tara ya wuce, na goma ya shiga. Ta nemo likita na gaskiya, ya sa hannu ya duba, ya ce babu komai a ciki. Babu ɗa, babu madara. A ranar asirina ya tonu, sauran waɗanda na cuta suka fito, alƙali ya ba ni shekara biyu.

A gidan yari aka tura ni gonar fursunoni, ɓangaren shanu. Mai kula da garken wani dattijon Bafulatani ne, muna ce masa Bappa. Da ya ji laifina dariya ya yi har da riƙe ciki. "To Dakta, zo nuna mini inda saniya take ajiye ɗanta." Na nuna hagu. Ya ce, "Nan tuwonta yake, ɗan birni."

Ya kama kaina ya manna kunnena a kuiɓin saniya na hagu. Na ji wani ruguguwa kamar hadari yana tasowa daga nesa, ya lafa, ya sake tasowa. Ya ce tumbi ne yake juya ciyawa, ɗaki huɗu ne a cikin nan, abin da ta haɗiye da safe shi take dawo da shi baki tana tuƙa da rana. Shekara nawa ina ɗaukar madara a jarka, ban taɓa tambayar kaina yadda busasshiyar harawa take shiga ta nan ta fito fara sol ta can ba. Bappa yana duban kashin saniya ya gaya maka an cika mata dusa. Yana taɓa hancinta, in ya ji shi a bushe, ya ce a ware ta. In an yi wa ɗaya allurar magani, kwanaki yake zubar da madararta a ƙasa, ya ce ba zai shayar da mutane magani ba su sani ba.

Wata rana da hantsi wata karsana ta fara naƙuda. Na ɗauko igiya zan ja, Bappa ya buge hannuna. "Tsaya. Ta fi ka sanin aikinta." Kofato biyu suka leƙo, hanci kwance a kansu, sai ga maraƙa ta sulluɓo tana tururi. Uwar da ba ta taɓa haihuwa ba ta juyo ta hau lasa, ba wanda ya koya mata. Maraƙar ta miƙe, ta faɗi, ta sake miƙewa, ta lalubi hantsa ta kama dakashi, wannan nonon farko mai kauri da Bappa ya ce shi ne rigakafinta. Na durƙusa a cikin kashin shanu ina kuka, fursunoni suna kallona. Wannan ikon Allah ne na yi wa ƙarya da filas ɗin shayi, kuma irin wannan safiyar ce Mama Rifkatu ta jira wata goma.

Da aka sake ni, washegari na tafi Hammadu Kafi, na ɗauka mahauta sun daɗe da yanka saniyar. Sai na gan ta a turke. Mama ta rame, ita ce take yankan ciyawa da kanta. Na tsuguna na ce ta yafe mini. Ta ce sau biyu tana kai saniyar wajen bijimi ba ta ɗauka ba, wannan na uku ne, in bai yi ba sayarwa za ta yi.

"An ce ka koyi shanu a can. Tashi ka duba mini. Akwai ko babu?"

Na san amsar da za ta faranta mata rai, tana kan harshena. Na dafa saniyar. Na ce, "Mama, ban sani ba. A kira likita."

Ta goge ido da bakin zane. "Na yafe maka, ɗana. Je ka kira shi."

Likita ya zo ya duba, ya ce tana da ciki wata uku. Ni ne nake yi wa Mama yankan ciyawa yanzu, kuma ina nan ranar da saniyar ta haihu.

Ƙannena, ku ji tsoron kofin ruwa na farko, don ba ya tsayawa a kofi. Kada ku sa rigar aikin da ba ku koya ba. In mutum ya miƙa muku abin da yake ci da shi ya ce ku duba, alhali ba ku sani ba, ku buɗe baki ku ce ba ku sani ba. Ni sai da marayu uku suka yi fiye da shekara biyu ba madara a gidansu kafin bakina ya iya faɗin haka.