Awon Ƙugun Amarya Ya Raba Ni da Aikina

A lokacin ban daɗe da gama koyon ɗinki a wata cibiyar koyar da sana'a a nan Maiduguri ba, kuma ni ce ta ɗaya a ajinmu. Ba yabon kai ba, in na yanka yadi ba a gyarawa. Wata Hajiya ta ɗauke ni aiki a shagonta na GRA, inda ake ɗinka kayan amare. Mahaifiyata a unguwarmu ta Dala har kunu ta dama ta raba wa maƙwabta, wai 'yarta ta shiga cikin manya.

A cibiyarmu ga yadda ake awo: ɗaya ta riƙe tef ta faɗi lamba da ƙarfi, ɗaya ta rubuta, malama tana daka tsawa in ba ta jiyo daga bayan aji ba. In awon ya saɓa da na baya, dole ki sanar, in ba haka ba a rage miki maki. Haka muka yi ta yi har ya zame mini jiki. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce mana jikin mutum sirrinsa ne.

Ran nan wata amarya ta zo gwada rigar walima, tare da mahaifiyarta da gwaggon ango. Ni na auna ta tun farko, amma sai zik ya ƙi rufuwa. Na sa tef, na ɗaga murya kamar ina aji, na ce ƙugunta ya ƙaru sosai daga wancan awon, sai an buɗe rigar ta gaba. Gwaggon ango ta ƙare wa yarinyar kallo, ta faɗi wata magana da Kanuri ƙasa-ƙasa, ta gyara lafayarta ta fice. Ni sokuwa ina tsaye da tef a wuya, ina jiran a yaba mini ido. Ashe yarinyar nan tana ɗakin gyaran jiki ne, ana ta ɗura mata kunu da nama kamar kowace amarya. Amma zance ya riga ya fita, wai ciki ne da ita. Daga baya na ji sai da aka kai ta asibiti kafin dangin ango su yi shiru. An ɗaura auren, mahaifiyarta kuwa ta aiko aka kwashe sauran kayansu kaf daga shagon.

Hajiya ba ta zage ni ba. Cewa ta yi hannuna ya fi na kowa a shagon, amma hannu ba shi kaɗai ake biya ba, in tafi gida. Na nemi aiki a wani shago a unguwar Moduganari, ina sallama aka tambaye ni ko ni ce mai sanarwa. Haba jama'a! Wannan abin yana ci mini rai. Wata da watanni ana koya mini sa hannun riga, an rasa rana guda da za a koya mini yadda ake magana da mai rigar?

Malaman sana'a, don Allah ku koya wa yara baki kamar yadda kuke koya musu almakashi. Ku kuma ƙannena masu fitowa, kafin ku buɗe baki ku duba wa ke zaune a ɗakin. Ni yanzu ina zauren gidanmu da kekena ina facin kayan yara. Ko ɗan yaye na auna, a kunnen uwarsa nake faɗa.