Maganin Inna Tambaya Ba Ya Hawa Jaki

Kafin hantsi ya ɗaga, Inna Tambaya ta riga ta sauka fadamar bayan Tambuwal, ta ja ruwa a rijiya, ta shayar da zogale da rama da yakuwar garkarta, ta ɗora tukunya. Tsohuwa ce mai tarin jikoki, amma in kuka jera da ita a hanya sai ka roƙe ta ta rage sauri. Ni na roƙa, kuma ban ji kunya ba.

Ba ta ba da rubutun sha, ba ta tsaga, ba ta ƙulla laya. Duk da haka, daga Sanyinna har Fakku ta ƙasar Kebbe, in ciwo ya cinye wa mutum dukiya kuma bai tafi ba, garkarta ake nuna masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Maccido, falken goro. Da ya yi arziki sai ya bar bin ayari ya tare a zaure, daga balangu sai tuwo mai iyo a man shanu. Jiki ya yi nauyi, ƙafafu suka kumbura, ko ruku'u sai da nishi. Masu magani suka kwashe jakunansa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura guda, sai gonar gado wadda gidansa duka ke ci daga gare ta. Maƙwabcinsa Na'Allah ya riga ya taya gonar, shi kuma ya kusa sallamawa don ya biya wani boka.

A kan wannan jakin da ya rage aka kai shi garkar Inna. Ta dube shi, ta dubi jakin.

“Maccido, ɗana, mi kaka nema?”

“Magani, Inna. Ko nawa na, ni biya.”

“Ba ni son kuɗinka, ko wuri guda. Amma maganina ba shi hawa jaki, kuma ba a aiko shi. Koma gida, gobe ka taho da ƙafakka.”

Maccido ya saba da sharuɗɗan bokaye, sai ya ɗauka wannan ma dokar iskokai ce, wadda in ya karya zai haukace. Tsoro ya sa bai fasa ko safiya ɗaya ba. Da farko sai ya zauna ya huta a gindin kowace bishiya ta hanya. In ya iso, Inna ta miƙa masa guga ta ce ya taya ta ban ruwa kafin magani ya nuna, sannan ta ajiye masa kwaɗon zogale da fura da nono, babu zuma. Ta kuma ce iskokan ba su son ƙanshin man shanu. Ashe ta gane abin da yake tsoro, ta bar shi a kai.

Da ruwan farko ya sauka, ya gaji da jira.

“Inna, yaushe za ki ba ni maganin nan?”

“Wanga da kaka sha tun bazara fa? Duba ƙafakka.”

Ya duba, ya ga jijiyoyin da ya manta yana da su. Daga nan gidan Na'Allah ya wuce, ya ce masa gona ba ta sayarwa ba ce, kuma a daminar shi ya riƙe fartanya da hannunsa.

Inna Tambaya, ke ce uwar garka, mai warkarwa da abin da kowa ke takawa ya wuce. Wallahi in na tuna gidajen da kika hana talaucewa da ganye da tafiyar ƙafa, tsigar jikina tashi take yi. Mun gode, Allah Ya ƙara miki ƙarfin gwiwa, Ya saka miki da Aljanna.

Mu kuma masu son zaman zaure da maiƙo, mu tashi mu taka tun ciwo bai fara yi mana ciniki ba. Wanda ke shakka ya leƙa gidan Maccido da maraice. Tuwon da ’ya’yansa ke ci bana, geron gonar kakansu ne.