Kawu Tsaya-Tukuna

Kawuna kafinta ne, kuma ni a ganina bai kamata a ba kafinta amanar murhu ba. Bango ɗaya ya raba shagonsa da ɗakin zamansu, murhun ƙarfe na jikin bangon yana ɗumama nan da can. In ya samu itace ke nan.

Inna, matarsa, za ta ɗauko guda ta nufi wuta, sai ka ji, "Tsaya tukuna!" Ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. "Haba, wannan ai ƙafar kujera ce." Na biyu ƙotar guduma ne. Na uku bai san ko mene ne ba, amma dai ya fi ƙarfin toka. Haka sunan ya bi shi har bakin titi. Ƙafafun kujeru suka taru a shago har rufi, murhu kuwa sai ɓawo da garin katako yake ci, hayaƙi fal, ɗumi babu.

Mu dariya muke yi. Inna ce ba ta dariya, don sanyi ya kama mata gwiwoyi, da safe sai ta dafa bango take miƙewa. Bara da sanyi ya tsananta ta ɗaure kayanta.

"Malam, na tafi gidan 'yarka. Ka zauna da kujerunka su yi maka hira."

Kwana huɗu ya yi shi kaɗai. Na leƙa na same shi zugum, ga shayi kofi biyu ya haɗa bisa sabo. Wallahi ya ba ni tausayi, duk da dai shi ya jawo.

Rana ta biyar ya sa rigar fita ya je biko. Ya dawo da ita, ya zaunar da ita gaban murhu, ya shiga shago ya kwaso ƙafafun nan cike da hannu, busassu ƙayau, ya zube mata.

"Ke ki zuba," in ji shi. "Ni ba zan iya kallo ba."

Ya ja kujera ya juya wa murhun baya. Inna ta zaɓi mafi kyau ta jefa, wuta ta kama fat-fat. Kafaɗarsa ta motsa, amma bai waiwayo ba.

"Ɗumin ya iso gwiwar?" ya tambayi bango.

"Ya iso."

"To, ƙara biyu."