Ranar da Na Ɗaura Rawanin Kakana

Jiya da hantsi na ɗauko tsohon kurtuna daga alkuki, na tarar tawadar ta bushe ta tsage. Na ɗiga mata ruwa, na motsa da gindin alƙalami, sai warin ƙaro da gawayi ya taso mini. Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na fita zaure, na dawo, na sake fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta maka abin da warin nan ya tono, ya kai mai karatu, ko zuciyata ta lafa.

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure, an yi wani rani da ruwan kanal ya yi ƙaranci. Waɗanda gonakinsu ke sama, kusa da ƙofar ruwa, suka riƙa jera buhunan ƙasa suna tare shi. Waɗanda ke ƙasa, a wutsiyar kanal, suna kallon tumatirinsu yana zubar da fure. An yi zama a ƙofar mai unguwa sau biyu, aka tashi kowa da fushinsa. A masallaci ma sai da sahu ya nuna: mutanen sama a dama, mutanen ƙasa a hagu.

A cikin wannan hali ɗan ƙanwata, malamin firamare, ya zo mini da littafin rubutu mai shuɗin bango. Ya ce shi da samarin gari sun tsara wasan kwaikwayo a kan rigimar ruwan, suna so su yi shi a filin makaranta. A lokacin kuwa ana ta ce-ce-ku-ce a birni a kan 'yan fim, kalmar wasa kanta ta zama abin ƙyama a bakin dattawa. Ladan ya ce wannan ƙofar shaiɗan ce, in aka buɗe ta ba mai iya rufewa. Liman bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ka fi mu daɗewa a gaban littafi. Ranar Juma'a bayan la'asar muna jiran abin da za ka ce, kuma a kansa za a tsaya."

Kwana huɗu ke nan aka ba ni. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bin layi, amma na karanta littafin har sau biyu. Ban ga batsa ba, ban ga rawa ba. Na ga manomin ƙasa yana kuka da hujjoji masu ratsa zuciya, na ga manomin sama da ƙaton tumbi, ba abin da yake faɗa daga farko har ƙarshe sai, "Ruwa nawa ne." Na san za a yi dariya. Na kuma san gonata tana sama, don haka in na hana, za a ce kaina na kare. Na ajiye littafin, na bi bakin kanal da ƙafa har wutsiyarsa, na dawo, ban ga mafita ba. A hanyar dawowa ne kakana ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa.

Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin da zan ba ka labari. Babu kanal, babu injin ban ruwa, babu tumatirin kwando. Damina ake jira, sai 'yan lambu a fadama da ake shayarwa da jigo. Idan aka kwashe amfanin gona, rumbuna suka cika, karan dawa ya bushe yana ƙara in iska ta taɓa shi, samari sukan yi kalankuwa ta kwana uku. Sukan naɗa hakiminsu da alƙalinsu da dogarinsu na wasa, su yi shari'a a gindin rimi bayan la'asar, gari duka yana kallo. Ga al'adar da ta riƙe abin: duk maganar da aka yi a wannan fili ba a kai ƙararta, ba a kuma riƙe ta a zuci. Don haka abin da manya suka kasa faɗa duk shekara, a bakin samari yake fita.

A shekarar, abin da aka kasa faɗa shi ne gonar goggona. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Maƙwabcin gonarta, wanzamin gari, ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya dasa ta gaba, ya shigar da kunya shida cikin tasa. Kowa ya gani. Amma wanzami shi ke aske kowa, shi ke cire wa jarirai beli, ba mai son ɓata da shi. Kakana kuwa, wanda ake kawo wa irin wannan magana, ya yi shiru, domin goggo 'yarsa ce, yana gudun a ce ya yi son kai.

Sarkin samari ya neme ni a bayan makarantarmu. Ya ce, "Alƙalin bana kakanka za mu kwaikwaya. Ba mai iya taɓa shi sai jika, kai akwai wasa tsakaninku." Gaskiya ya faɗa. Kakana abokina yake ce mini, yakan ce na cinye masa tuwo, ni kuma in ce ya tsufa ya bar mini gidan. Na amsa tun bai rufe baki ba.

Ranar farko na zare tsohon rawaninsa daga kan igiyar shanya, na naɗa shi har yana rufe mini ido. Na zauna a kan buzu, na yi gyaran murya sau uku kamar yadda yake yi, na ce, "To, to, madalla." Fili ya ɗauki dariya. Wani saurayi ya yafa zane ya yi goggo, yana share hawaye. Wani ya rataya zabira ya yi wanzami, yana tafiya yana jan gamba a bayansa. Da mai zabira ya buɗe baki, sai na daka masa tsawa na ce ya yi shiru. Na yanke hukunci: a mayar da gamba inda take, a kuma aske wa wanzami rabin kai da askarsa. Mata suka yi guɗa. Har yau ina jin daɗin da ya cika mini ƙirji a wannan lokaci, kuma har yau ina neman gafara a kansa. Ban lura ba sai daga baya aka gaya mini cewa wanzami na gaskiya ya tashi daga cikin taro ya tafi, ya bar takalminsa ɗaya.

Washegari bayan karatun safe kakana ya ce in tsaya. Na sa rai da bulala. Ya daɗe yana fiƙe alƙalami bai dube ni ba, sannan ya ce, "Abokina, rawanin ya karɓe ka, gyaran muryar ma ka iya. Amma yaushe ka taɓa ganin na yanke wa mutum hukunci bai buɗe bakinsa ba? Wannan ba ni ka kwaikwaya ba."

Ya buɗe gafakarsa ya ciro fallen takarda guda. Ka sani a wancan zamani takarda ba abin yara ba ce, allo ne namu. Ya miƙo mini ita da kurtunsa, ya ce in je gidan wanzami in rubuto hujjarsa daga bakinsa, kada in ƙara, kada in rage. Ya ce in ban kawo ba, kada in dawo gabansa da allo.

Na tarar da wanzami a zaurensa yana wasa aska a kan fata. Na durƙusa na gaishe shi, ya ci gaba da wasa askarsa. Can ya ce, "Allah Ya ja zamanin alƙali. Rabin kan aka zo aske mini?" Na rasa inda zan sa fuskata. Na zauna nan daga hantsi har azahar, tawada tana bushewa a bakin alƙalami ina sake tsomawa. Bayan ya dawo daga salla ya ga ban tafi ba, sai ya fara magana, ba ni yake kallo ba, askarsa yake kallo. Ya ce kunyoyin nan shida na mahaifinsa ne. A shekarar da fara ta cinye gero, mahaifinsa ya ba mijin goggo aronsu don ya sami abin ciyar da iyali, a gaban shaidu biyu da duk sun rasu. Ya ce yanzu 'ya'yansa sun girma, gona ta yi masa kaɗan, kuma kunya ta hana shi zuwa ya tambayi matar da ke cikin takaba, shi ya sa ya tafi da sassafe ya yi abin da ya yi.

Na rubuta duk abin da ya faɗa. Duk rubutun da na taɓa yi kafin ranar kwafa ne daga abin da aka riga aka rubuta. Wannan ne karo na farko da na nemi baƙaƙen da zan ɗaure maganar mutum mai rai da su, kuma mutumin da jiya na sa gari ya yi masa dariya.

Rana ta uku aka sake zama a gindin rimi. Na yi ta karanta wa mai zabira takardar har ya haddace. Amma da ya tsaya a gaban jama'a sai ya ruɗe, ya ce shekarar ambaliya. Sai muka ji murya daga bayan rimi: "Ba haka ba ne! Shekarar fara ce!" Wanzami ne da kansa. Ya ratso taro ya tsaya a tsakiyar fili, ya faɗi maganarsa da bakinsa. Daga ɓangaren mata goggo ta amsa masa, ta ce ita ba ta taɓa jin zancen aro ba, kuma da ya zo ya faɗa mata da ba ta hana shi ba, amma marayun nan me za su ci? Dariya ta ɗauke. Na ga kakana ya miƙe yana tahowa. Ban san wanda ya koya mini ba, na kwance rawanin na miƙa masa, na sauka daga kan buzu. A nan ya raba: goggo ta ci gaba da noman kunyoyin har babban ɗanta ya iya riƙe garma, sannan su koma ga mai su.

Wannan na tuna a bakin kanal. Na aika aka kira mini ɗan ƙanwata, na ce masa wasansa bai cika ba, manomin sama ba shi da baki. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ko don gonarka tana sama?" Maganar ta soke ni, domin ni ma na yi wa kaina wannan tambaya. Na ce kada ya rubuta komai daga bakina, ya je wurin wanda ya fi kowa jera buhu, ya zauna har ya yi magana.

Ranar Juma'a na ce a yi wasan, da rana, maza ne kaɗai a fili, kuma kowane ɓangare ya faɗi hujjarsa cikakkiya. Ladan ya tashi bai yi mini sallama ba, ya yi watanni yana gaishe ni da baki kawai.

Aka yi shi a filin makaranta, har 'yan acaɓa suka kashe baburansu suka tsaya. Ina zaune ina jan carbi, ban san abin da nake ja ba. Mai kwaikwayon manomin sama ya ce shi ma rabin ruwan da ya saba samu yake samu, kuma taki ya riga ya zuba. Bai gama ba wani dattijo daga mutanen sama ya miƙe yana nuna shi da sanda: "Kacalla fa? Ka bar kacalla! Ciyawar nan ta shaƙe kanal tun daga gada, wa ya taɓa shiga ya yanke ta?" Wani daga mutanen ƙasa ya ce in an cire buhu shi zai fara shiga. Aka yi ta musu, wasan bai ma kai ƙarshensa ba. Ranar Asabar aka yi gayya, mutane cikin ruwa har ƙugu da lauje da adda. Ruwa ya kai wutsiya bayan kwana biyu. Wasu gonakin sun farfaɗo, wasu ya zo musu a makare, ciki har da ta mutumin da ya fara shiga ruwan.

Yau rimin babu shi, an shimfiɗa shinkafa a wurin. Kalankuwa ta mutu tun ina saurayi, kuma ina cikin waɗanda suka yi wa'azi a kan abin da ya gurɓata a cikinta, ban kuwa yi nadamar wannan ba. Sai dai ban taɓa tambayar kaina ba a lokacin, in an rufe filin, ina goggo za ta yi magana, ina wanzami zai amsa. Jikokina yanzu suna ɗaukar wasanninsu da waya, suna nuna mini, ina dariya tare da su, sannan in tambaye su wanda aka yi wa dariyar me ya ce. Wasu su gane, wasu su ce Kaka ya fara.

Ladan ya riga ni tafiya, Allah Ya gafarta masa, ba mu kuma warware wanda ya fi kusa da daidai a cikinmu ba, ilimin wannan yana wurin Allah. Takardar wanzami gara ta cinye ta da daɗewa. Kurtun ne ya rage, shi ne wannan da ke gabana, kuma tawadar da na jiƙa jiya da ita na rubuta maka wannan.